Jarumin Da Kamfani Ya Ƙi Ƙerawa: Tarihin Masu Haɗa Mutum-mutumi Da Hannu

Yau za mu ɗan jingine labaran da muka saba, mu leƙa wani tarihi na can ƙasar Amurka, wanda da farkon ji mutum zai ɗauka wasan yara ne.

Mai karatu, da za a ce maka ga wani magidanci can, da matarsa da 'ya'yansa, har furfura ta fara keto masa a gemu, ya shiga kanti ya zuba wajen dala 25 ya sayi ɗan mutum-mutumin roba sabo ful a kwalinsa, ya dawo gida ya ɗora ruwa a wuta, ya tsoma shi a ciki, ya fizge kan, ya ɓalle hannuwan, sannan ya sa wuƙa ya kankare masa fuska, na san tambayar da za ka fara yi ita ce: anya lafiyarsa ƙalau kuwa? To, lafiyarsa ƙalau. Akwai wani jarumi da yake son ya gani a kan kantarsa wanda kamfani bai ga damar ƙerawa ba, shi ya sa ya ɗaura ɗamarar ƙera abinsa da kansa. Kuma akwai wani magidancin a wani gari da ke zaman jiran ya gama, ya biya shi ninkin-ba-ninkin abin da ya kashe, ya karɓa ya jera a durowar gilashi.

Jaruman da nake nufi su ne su Superman da Batman da Spider-Man, wato na littattafan labarin zane na kamfanonin DC da Marvel, waɗanda yaran yanzu suka fi sani ta fina-finai. Abin da ya ja hankalina a tarihin nan shi ne, kamfanonin kayan wasa da kansu ne suka koya wa jama'a wannan sana'a ba da son ransu ba. Dabarunsu na tsimin kuɗi su ne suka zama makarantar masu ƙirar hannu, kuma giɓin da suka bari shi ne ya zama kasuwarsu.

Kada A Kuskura A Ce 'Yar Tsana

A shekarar 1959 kamfanin Mattel ya fito da 'yar tsanar nan Barbie, ya kuma nuna wa 'yan kasuwa wani sirri: ribar ba a jikin 'yar tsanar take ba, tana cikin riguna da takalma da jakunkunan da uwa za ta yi ta saye bayan haka. Wani dillalin lasisi mai suna Stan Weston ya ga cewa za a iya yi wa yara maza irin wannan tarko, ya kai wa kamfanin Hasbro shawarar, suka saye ta a hannunsa a kan dala 100,000. A 1964 sai ga G.I. Joe, soja mai tsawon kusan inci 12, mai gaɓoɓi masu lanƙwasuwa da tabo a kumatu. Matsalar ita ce, a Amurka ta wancan zamani babu uban da zai sayo wa ɗansa namiji 'yar tsana. Don haka Hasbro suka haramta wa ma'aikatansu furta wannan kalma, suka raɗa wa abin sabon suna a Turance, action figure, wanda za mu iya cewa mutum-mutumin fafatawa. Ka riƙe wannan rigima ta suna, mai karatu, domin za ta dawo bayan shekara kusan 40, a gaban alƙali.

Shekara 2 bayan haka, a 1966, Weston ɗin dai ya sake kai wa kamfanin Ideal wata dabarar. Suka yi mutum-mutumi guda mai suna Captain Action, sannan suka riƙa sayar da kayan sawa da fuskokin roba daban. Ka sa masa wannan ya zama Superman, ka tuɓe ka sa masa wancan ya zama Batman ko Captain America. Bai yi dogon kwana a kasuwa ba, zuwa 1968 an daina shi. Amma ya bar wa yaran da suka yi wasa da shi wani darasi, cewa jarumi dai jiki ne da riga da fuska, kuma ana iya raba su.

Mego: Jiki Ɗaya, Kawuna Barjat

Wanda ya ɗauki wannan darasi ya mayar da shi dukiya shi ne Marty Abrams na kamfanin Mego da ke birnin Niyok. A 1972 Mego suka fito da jerin da suka kira World's Greatest Super Heroes, masu tsawon inci 8, inda suka fara da guda 4: Superman da Batman da Robin da Aquaman. Daga baya suka haɗo da na Marvel, abin da ba kasafai ake ganin kamfani ɗaya ya riƙe lasisin kishiyoyin biyu a lokaci guda ba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin duk tarihin nan a kan wannan gaɓa ya ginu. Abin da ya fi cin kuɗi a ƙera mutum-mutumi shi ne gurbin zubi na ƙarfe da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki, wanda kan laƙume dubun-dubatar daloli kafin a sayar da ko guda ɗaya. Mego suka ce to, mu yi jiki ɗaya tak, a masana'antun Hong Kong, wanda igiyar roba ke riƙe da gaɓoɓinsa daga ciki. Kai ne kawai za a sassaƙa sabo, da roba mai taushi, sai rigar yadi da za a ɗinka. Idan wani jarumi ya yi kwantai, ba asara, a cire kan a tuɓe rigar, jikin ya koma na wani. Da wannan jikin suka yi mutanen Star Trek da na Planet of the Apes. Tsiminsu ya kai har kan ma sukan maimaita. Kan da suka ɗora wa Shazam shi ne dai na Peter Parker, wato Spider-Man idan ya tuɓe kayan aiki. Safar hannun Batman kuwa, kai ka ce irin wadda mata ke sauke tire mai zafi da ita ce.

Duk yaron da ya taɓa karya nasa, igiyar ciki ta tsinke, ya ga yadda abin yake. Kuma duk yaron da ya ƙirga abin da ke kantin unguwarsu ya ga akwai waɗanda babu. A shekara 10 da Mego suka yi suna wannan jeri, jaruman da suka fitar masu inci 8 ba su kai 40 ba, alhali littattafan na ɗauke da ɗaruruwa. Zaɓin nasu ma wani lokaci abin dariya ne. Sun yi Kid Flash, yaron gidan Flash, amma ba su yi Flash ɗin kansa ba. Sun yi Fantastic Four duka huɗun, amma babu babban abokin gabarsu Doctor Doom. Sun yi Green Arrow, babu Green Lantern. Babu Daredevil, babu Hawkman. A cikin baƙaƙen fata Falcon suka yi, suka bar Black Panther, wanda tun 1966 yake cikin littafi. Masu uwa mai keken ɗinki su ne suka fara cin sa'a, a ɗinka ɗan jan yadi, a shafa wa wani tsohon kai jan fenti, Flash ya samu ko da bai yi kyau ba.

Ƙarshen Mego bai yi daɗi ba. Lasisin fim ɗin Star Wars ya wuce su, ya faɗa hannun kamfanin Kenner na birnin Cincinnati. Fim ɗin ya fito a 1977 ya yi tashen da ba a zata ba, har Kenner suka rasa kayan da za su kai kasuwa lokacin Kirsimeti, suka sayar wa iyaye kwali da takardar alƙawarin za a aiko da kayan daga baya. Da kayan suka iso a 1978, ƙanana ne, ba su kai inci 4 ba, rigarsu a jikin robar take, ba ta tuɓuwa. Tsadar roba bayan rikicin man fetur na 1973 ta riga ta sa ƙananan sun fi riba. Mego suka yi ta laluben abin da zai maye musu gurbi har suka karye a 1982.

A 1984 Kenner suka fito da jerin Super Powers na jaruman DC, Mattel kuma suka fito da Secret Wars na Marvel. Wani abin da ya kamata a ambata shi ne, a wannan jeri na Kenner ne aka ba tsohon mai zane Jack Kirby damar sake fasalin wasu jaruman da shi ya ƙirƙira, don ya samu kamasho daga cinikinsu, abin da ya sha wuyar samu a tsawon rayuwarsa ta aiki. Super Powers ya tsaya a 1986 bayan zubi 3, da sauran jaruman da aka riga aka zana, wasu har an sassaƙa samfurinsu, amma ba su taɓa ganin kanti ba. Su kuwa Mattel tsohuwar dabarar suka bi, jiki 'yan ƙalilan, fenti daban-daban. Waɗannan jikkuna marasa ado su ne suka zama allon rubutun masu ƙirar hannu na farko da suka bar yadi suka koma fenti da sassaƙa.

Da Yaran Suka Girma

Yaron da aka saya wa Mego yana ɗan shekara 7 a 1974, zuwa 1994 ya kai 27, yana da albashi, kuma uwarsa ta daɗe da zubar masa da kayan wasan. A daidai lokacin ne kamfanin Toy Biz ya cika kasuwa da jaruman Marvel tun daga 1990, Todd McFarlane kuma ya kafa nasa kamfanin a 1994 yana sassaƙa abin da kowa ya gani ya san don manya aka yi. Mujallar Wizard, wadda ta fara fita a 1991, da ƙanwarta ToyFare ta 1997, suka buɗe fili na buga hotunan abin da masu karatu suka ƙera a gida. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye aikinsa don kada a yi masa dariya, ya wayi gari ya ga ashe suna da yawa. Intanet ta zo ta haɗa su, kasuwar eBay da aka buɗe a 1995 ta sama musu masu saye, ta kuma sama musu karyayyun kayan da za su yanka.

Bari in ɗan kai mai karatu teburin aikin, don ya ga ba shiririta ba ce.

Mataki na farko shi ne neman jiki. Mai ƙira zai zauna ya dubi jarumin da yake so, ya ce ƙirjin wane zai dace, ƙafafun wane, takalman wane. Mutum-mutumin da aka saya don a yanka suna kiransa da wata kalma wadda ma'anarta harawa, mu dai sai mu ce kamar motar da aka kai wa 'yan yanka a kwashe kayan gyara. Yawancin gaɓoɓin da robar PVC aka yi su, mai laushi idan ta ji zafi. Shi ne dalilin ruwan zafin da muka fara da shi: a tsoma na ɗan lokaci, ko a busa masa na'urar busar da gashi, ramin gaɓar ya saki, a zare hannu ba tare da an karya ba. Ƙirjin kuwa da roba mai tauri ake yin sa, an manne shi gida biyu, sai an fasa shi da dabara.

Sai sassaƙa. Akwai masu amfani da wani yumɓun roba irin su Super Sculpey, wanda ba ya bushewa sai an gasa shi, amma gashi na iya narkar da jikin da aka ɗora shi a kai, kuma yana da saurin gutsurewa. Shi ya sa da yawa suka koma kan ƙulli mai haɗi biyu irin su Apoxie Sculpt da Milliput, wanda idan ka cuɗa shi kana da 'yan sa'o'i kafin ya daskare ya zama kamar dutse. Da shi ake gina gashi da ɗamara da fukafukan hula. A goge da samfefa, a shafa fentin share fage, sannan a bi da fenti mai ruwa, shafa bayan shafa, kowace siririya. Sabon shiga yakan ɗauko fentin mai, ya shafa a kan roba mai taushi, ya yi wata guda yana jira abin bai daina danƙo ba. Babban abokin gabar sana'ar kuwa shi ne gogayya: duk inda gaɓa ke juyawa, fenti zai kankare. Dole a kwance gaɓar a rage mata kauri kafin a fenta, ko a nemo wadda tun asali launinta ya dace. Daga ƙarshe sai ido. Ƙwayar idon da ba ta kai ƙwayar gero ba, idan hannu ya ɗan karkace, jarumin da aka yi mako uku ana gini ya zama mai harara garke. A nan ake gane gwani.

Masu son Mego kuwa tasu hanyar daban ce, ta fi kusa da ɗinki. Wani mutum mai suna Paul Clarke, da aka fi sani da Dr. Mego, ya shahara wajen zuba sababbin jikkuna da takalma da sauran tarkace irin na Mego, ta yadda mutum ba sai ya lalata na asali ba. Da kan da aka zuba a gurbin silikon, da rigar da aka ɗinka, sai ga Green Lantern da Doctor Doom tsaye kusa da 'yan uwansu na 1970 da wani abu, wasu har da kwalin da aka zana musu irin na da.

Hukuncin Da Ya Ce Ba Mutane Ba Ne

Na yi alƙawarin rigimar suna za ta dawo. A dokar kwastan ta Amurka ta farkon shekarun 1990, 'yar tsana, wato abin da ke wakiltar ɗan Adam, ana biya mata kuɗin fito kashi 12 cikin 100. Sauran kayan wasa, kamar dodanni da dabbobi, kashi 6.8. Toy Biz, da ke shigo da kayansu daga Chaina, suka kai gwamnati ƙara suna cewa jaruman X-Men ba mutane ba ne, don haka a mayar musu da rarar da aka karɓa. A watan Janairun 2003 mai shari'a Judith Barzilay ta Kotun Cinikayyar Ƙasa da Ƙasa ta Amurka, bayan ta duba mutum-mutumai masu yawa ɗaya bayan ɗaya, ta ba su gaskiya. Masoya littattafan suka ji kamar an mare su, domin tun 1963 labarin X-Men gaba ɗaya a kan halittu ne da ke fafutukar a yarda su ma mutane ne. Ga shi kamfanin da ya haɗe da Marvel a 1998 ya tsaya a gaban kotu ya rantse ba mutane ba ne, saboda bambancin kashi 5 da ɗoriya.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya ga da wane ido kamfani ke kallon jarumi. Lissafi ne, kuma ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya yi lissafi. Amma lissafin nan shi ne ke yanke wanda za a ƙera da wanda za a bari. Shekara da shekaru ana rage yawan jarumai mata a cikin katan, bisa hujjar cewa yara maza ba sa saye. A 2015, da fim ɗin Avengers: Age of Ultron ya fito, akwai wurin da jaruma Black Widow ta diro daga jirgi a kan babur, amma a kayan wasan da aka yi na wannan fage sai aka ɗora namiji a kan babur ɗin. Har ɗan wasa Mark Ruffalo sai da ya fito fili ya roƙi a ƙara yin kayanta saboda 'ya'yansa mata. Masu ƙirar hannu sun daɗe da saba wa irin wannan; mata da baƙaƙen fata da ƙananan jaruman da suka fito a littafi 3 suka ɓace, a teburinsu aka fara ganin da yawa daga ciki.

A 2002 Toy Biz suka fito da Marvel Legends masu inci 6, da gaɓoɓi wajen 30 ko fiye. A 2005 suka ƙara wata dabara: kowane kwali da guntun wani ƙaton jarumi a ciki, sai ka sayi duka jerin kafin ka haɗa Galactus. Manufar ita ce a tilasta wa mutum sayen wanda ba ya so. Sakamakon kuwa, gidaje suka cika da jaruman da ba a so, wato harawa mai araha. Hasbro suka karɓi jerin a 2007, kuma har yau a kan wannan awo na inci 6 mafi yawan masu ƙirar hannu ke aiki.

Masu Tarawa Iri Biyu

Yanzu mu zo kan mai saye. A wannan duniya ta tara kayan wasa akwai mutum biyu da ke zaune a gida ɗaya amma ba sa ga-maciji. Na farko, darajar abu a wurinsa ita ce ba a taɓa shi ba. Kwali a rufe, kusurwa ba ta lanƙwashe ba, har akwai kamfanonin da ke dubawa su ba shi maki su rufe shi a akwatin roba. Irin wannan ne ya sa a 2003 aka sayi samfurin farko na G.I. Joe a kan dala 200,000, a 2024 kuma wani samfurin gwaji na Boba Fett na Star Wars, mai harba roka, wanda ba a taɓa kai shi kanti ba, ya haura dala miliyan 1.3 a gwanjo. Na biyu kuwa, abin da yake biya wa kuɗi shi ne an fasa kwalin, an yanka, an sake gini.

Ni dai a ganina na biyun ya fi kasada, kuma ya fi gaskiya da kansa. Mai tara ƙirar kamfani yana da littafin farashi, yana da lambar kaya, ya san guda nawa suka rage masa jeri ya cika. Mai tara ƙirar hannu ba shi da ko ɗaya. Yakan ba da aiki ne kamar yadda ake ba tela, ya biya kafin alƙalami, ya jira watanni, wani lokaci mai aikin ya yi ɓatan dabo da kuɗin. Idan kayan ya iso, ba na wasa ba ne, juyi biyu fenti ya fara tashi. Babbar barazanar kuma ita ce ranar da kamfani zai waiwayo. Ka biya dala ɗaruruwa an ƙera maka jarumin da ka tabbata ba za a taɓa yi ba, bayan shekara 2 sai ga shi a kanti a kan dala 25, gaɓoɓinsa sun fi naka ƙwari. Wanda ya saya don riba ya yi asara. Wanda ya saya don hannun wane ne ya yi, shi ko a jikinsa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa. Hannun da zai iya ƙera Flash ɗin da ba a taɓa yi ba, zai iya ƙera abin da aka taɓa yi ya yi ƙaranci. A 1974 shagunan Montgomery Ward sun sayar da wasu Mego na musamman, su Clark Kent da Bruce Wayne da Peter Parker cikin kayan gida, waɗanda a yau suna cikin mafiya tsada. Mai karatu bai manta da cewa kan Peter Parker da na Shazam ɗaya ne ba. Saboda irin wannan ne masu mutunci a sana'ar ke sa wa aikinsu alama, su faɗa ƙarara cewa na hannu ne. Tsakanin mai ƙira da ɗan jabu babu bambancin kayan aiki, sai na abin da aka gaya wa mai saye.

Ta fuskar doka ma a kan siraɗi suke. Dokar Amurka ta yarda ka sake sayar da abin da ka saya, amma siffar Batman da tambarin ƙirjinsa mallakar kamfani ne. Guda ɗaya da mutum ya yi da hannunsa, galibi kamfanoni kan kau da kai, tunda mai yin ma sai da ya sayi nasu guda 3 kafin ya haɗa. Idan ya fara zuba 50 ko 100 yana sayarwa, sai takardar lauya ta iso, ko a sauke tallarsa daga kasuwar intanet. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙirƙiri Superman suka sayar da shi a 1938 a kan dala 130. Takardar cakin da aka biya su da ita, a 2012 an yi gwanjonta a kan dala 160,000.

Kamfani Ya Biyo Sawu

Daga baya kamfanonin sun gane cewa teburin mai ƙirar hannu binciken kasuwa ne na kyauta. A 2010 Mattel suka fito da jerin Retro-Action irin na Mego sak, tare da kamfanin EMCE da Paul Clarke ke cikin waɗanda suka kafa, a ciki har da Green Lantern da Flash ɗin da aka yi kusan shekara 40 ana jira. A 2018 Marty Abrams da kansa ya dawo da sunan Mego. A shekarar ce kuma Hasbro suka buɗe tsarin HasLab, inda masu saye ke biya tun kafin a ƙera, idan sun kai adadin da aka yanka a yi, in ba su kai ba a fasa. Ta haka aka yi Galactus mai inci 32 da aka tallata a 2021 a kan dala 400. A 2022 McFarlane ya farfaɗo da Super Powers, Hasbro kuma a shekarar suka gwada ɗora fuskar mai saye a kan jikin jarumi daga hoton wayarsa. Mujallun Wizard da ToyFare sun daina fita a takarda tun 2011, amma wasu daga ma'aikatan ToyFare, da suka saba jera tsofaffin Mego suna ɗaukar su hoto don barkwanci, su ne suka haɗu da Seth Green suka yi shirin talabijin na Robot Chicken tun 2005, wanda ɗakin aikinsa ke cike da masu yanka da manna mutum-mutumi a kan albashi.

Abin da ya fi girgiza sana'ar kuwa ba daga kamfani ya zo ba. Daga wajen 2018 firintocin 3D masu aiki da ruwan rezin suka yi arahar da mutum zai ajiye ɗaya a ɗakinsa. Kan da a da gwani zai yi kwanaki yana sassaƙawa da tsinke, yanzu wani zai zana shi a kwamfuta a Birazil ko Filifin, ya sayar da fayil ɗin, wani ya fitar da guda 20 kafin gari ya waye. Tsofaffin hannu na ƙorafin cewa wannan ba ƙirar hannu ba ce, sababbi na cewa ai ku ma da jikin kamfani kuka fara. Masu tarawa ma sun rabu, akwai wanda ba ya sayen abin da aka yi biyu irinsa, akwai wanda kyan fuska kawai yake dubawa.

Sai dai kan da ya fito daga firinta toka-toka yake fitowa, babu gira, babu leɓe, babu ido. Shi ya sa a 'yan shekarun nan aiki ya ƙaru wa masu fenti, har akwai waɗanda ba sa yin komai sai fuska, mutum ya aika musu da kai a ɗan kwali ya shiga layi. Wuyan kuma sau da yawa ba ya shiga jikin kamfani daidai, sai an sa injin huji an faɗaɗa ramin, ko a cike shi da ƙulli, a bari ya kwana.